Kurangar da Hosiyat Ta Binne

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Hosiyat, katangar ma gajeriya, in na kife bokiti na taka ina ganin tsakar gidanta har bakin tanderu. Kada wani ya ce mini 'yar sa-ido. A unguwarmu maƙwabcin da ba ya leƙa ka shi ne mugu, don ranar da ka faɗi a tsakar gida sai ƙudaje su riga shi sani.

Daga wani ƙauye can bayan Kokand aka kawo ta amarya, siririya, kai a ƙasa. Washegari da sassafe na ji ƙarar shara, na hau bokitina. Uwar mijin ta miƙa mata tsintsiya tun kafin ta miƙa mata kofin shayi, ta nuna mata gindin itacen da ke tsakiyar gidan. Daga ranar Hosiyat ta shiga bautar itacen nan, ta yi shekara talatin da ɗoriya a cikinta.

Karagach ne, irin mai kan nan kamar an kife ƙwarya. Uban mijinta ne ya shuka shi, shi ya sa mijin nata, Mamasoli, yake ji da shi kamar yayansa na ciki ɗaya. Ni dai ban ga abin so a jikinsa ba. Ko abin tsotsa ba ya ba ka. Da bazara ya zubo busassun 'ya'yansa su cika maka miya, da kaka ya zubo ganye, saiwarsa ta shanye ruwan kowa, har katangata ta ɗaga ta tsage. Amma gaskiya ɗaya ce, in zafi ya kai zafi, lokacin da kaji ke yawo baki buɗe, babu inda ake numfashi a layinmu sai gidan Hosiyat. Mu mata mu kwashi ɗinkinmu da gulmarmu mu haye gadon katakon da ke gindinsa. A nan take shimfiɗa aikinta, don sana'arta ɗinkin bargunan auduga ce na kayan ɗakin amare, kuma da wuya a kai amarya a unguwar nan ba da ɗinkin hannunta a bayan mota ba. Ba ta da yawan magana. Ko dariya za ta yi sai ta ja gefen ɗankwali ta rufe baki.

Ta daɗe ba ta haihu ba, uwar mijin kuwa ba ta bar ta ta manta ba ko na wuni ɗaya. Da Allah Ya kawo namiji aka sa masa Sanjar, ranar ce Hosiyat ta samu suna a gidan. Ai namiji mai kunya ba ya kama sunan matarsa, ita ma ba ta kama nasa, da sunan ɗan fari ake kiran juna. Kafin a haifi yaron, in Mamasoli yana nemanta sai dai ya yi gyaran murya. Bayan haihuwar kuwa tun daga ƙofa za ka ji shi, ya ajiye tarakta a bakin layi, hannu duk baƙin mai: "Sanjar! Ruwa!" Ita ma in shayi ya yi sai ta ce, "Sanjar, taso." Da yaron ya tasa gidan ya zama Sanjar uku, amma ba su taɓa rikicewa ba. In da yaron yake, Mamasoli yakan datse sunan gajere. In da ita yake, sai ya ja ƙarshen. Ni da ke bayan katanga ma na iya bambancewa. Sun samu 'ya mace daga baya, yanzu tana aure a Namangan, amma sunan gida ya riga ya zauna.

Sanjar yana ɗan saurayi, gashin baki bai gama fitowa ba, ya shigo da wani guntun reshe a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce inabi ne, dogon nan da muke kira yatsun amarya. Gidan ba fili, duk inda ka tsaya karagach ya riga ka. Ya dasa shi a jikin katangata inda rana ke ɗan leƙowa da sassafe, ya kafa masa rumfa da sandunan da ya roƙa a wurin nawa mijin. Kuranga ta kama, ta hau rumfa, ta yi ganye shar. Amma 'ya'yan, Allah na tuba, in ka sa ɗaya a baki sai ka tuna duk laifin da ka taɓa yi. Inabi rana yake so ta dafa shi, nasu kuwa a inuwa ya tashi.

Daga nan uba da ɗa suka samu abin yi. Kullum da yamma a kan gadon katako, ana shan shayi ana yaƙi.

"Baba, wannan yayan naka me yake tsinana mana? Tun zamanin kaka yana tsaye, ko ƙwallo ɗaya bai taɓa ba mu ba."

"Ya ba ka inuwar da kake zaune a ciki kana zaginsa."

"Inuwa ake ci?"

"To ci inabinka mana. Jiya na ga tsuntsu ya ɗanɗana, har yanzu yana can bakin ruwa yana kurkure baki."

"A sare masa reshe biyu kawai, na wajen gabas. Wallahi baɗi sai kun sha zuma."

"Reshenka za a sare. Kai, itace shi ne abin shukawa. Ka sa shi a ƙasa ka manta da shi, jikanka ya zo ya kwanta a gindinsa. Naka kuwa jariri ne da ba ya girma, a ɗaure shi, a yi masa aski, a ba shi ruwa a baki, a binne shi, a tone shi. In ka yi tafiyar shekara ɗaya ka dawo ka tarar da kara."

"Gwaggo," Sanjar ya ɗaga kai wajen katanga, don ya san ina nan, "ke ki raba mu."

"Ni ba ruwana," in ji ni. "Amma a biya ni katangata."

Hosiyat ba ta taɓa sa baki ba. Sai dai ita ke kai wa kurangar ruwan ɗauraya, kuma ita kaɗai ke cin inabin. Wai tana son tsami. Ƙarya take yi, na san ta, matar da ko tumatir sai ta barbaɗa masa sukari.

Maganar binnewa da tonewa kuwa ba zolaya ba ce kawai, kowa ya sani kurangar da ta kwana a kan rumfa cikin hunturunmu ta gama yawo. In an gama cirar auduga, kafin ƙasa ta daskare, maza su kwance ta daga rumfa, su kwantar da ita a ƙasa, su lulluɓe ta da busasshen kara, su tula mata ƙasa. In sanyi ya fita, itatuwa suka fara fure, a tone ta a mayar da ita sama. Ka makara wajen binnewa sanyi ya kashe ta, ka makara wajen tonewa ta shaƙe ta ruɓe a ciki. Sanjar ne ke yin nasu da kansa, yana yi yana waƙa da muryarsa mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba.

Da ya isa aure sai ya bi sauran samarin layinmu zuwa Rasha aikin gini, don a samu a ƙara ɗaki a gidan. Binne kuranga ya koma hannun uban. Yana yi yana mita, amma yana yi. Duk kaka Sanjar zai bugo waya, kafin ma ya tambayi lafiyar kowa: "Inna, an binne ta? Ki ce wa Baba kada ya yi mata rowar ƙasa. Ki ce masa kuma in na dawo ni da yayan nasa ne, na ga wani zarto a nan mai inji." Mamasoli ya amsa daga nesa, "Ki ce ya zo ya tarar da ni." Ita tana tsakiya da waya a hannu, ɗankwali a baki.

Kaka ta uku da tafiyarsa, an gama cirar auduga ke nan, da rana tsaka na hango dattawan unguwa sun doso ƙofarsu a jere ba mai magana. In ka ga haka ka san ba gayyatar biki suka kawo ba. Sanjar ya faɗo daga saman bene a wurin aiki.

Gawar ta daɗe a hanya. Da ta iso, a cikin akwatin ƙarfe ta iso, an bi bakinsa da walda. Dattawa suka yi shawara a ƙofar gida suka ce ba za a buɗe a gaban mata ba, a can maƙabarta za a yi abin da ya kamata. Aka shigo da akwatin aka ajiye a gindin karagach na ɗan lokaci. Hosiyat ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen, ta ɗauke, ta duba hannun. Maza suka ɗauka suka fita. Mu mata iyakarmu bakin ƙofa, kamar kullum.

Muka jeru a tsakar gida cikin shuɗin kayan makoki, duk wadda ta shigo a tarbe ta da kuka. Uwa ce ke ja, saura su amsa. Hosiyat ta tsaya a gaba, hannu a harɗe, baki a rufe. 'Yarta ta Namangan ce ta ja kukan har muryarta ta dishe. Na matsa na zungure ta da gwiwar hannu.

"Ki yi kuka, Hosiyat. Mutane na kallo."

"Yaya, na nema," ta ce. "Babu."

Ai kuwa suka samu abin taunawa. Wata mai baki kamar reza ta ce a kunnena wai ko akuya aka yanka wa ɗa takan yi kuka. Na ce mata in ta ƙara zan nuna mata yadda akuya ke tunkuyi. Amma ni kaina abin ya ba ni tsoro. Tana tashi, tana shara, tana dafa shayi, tana gaida baƙi, duk daidai, sai dai in ka dubi idonta kamar ka leƙa ɗakin da aka kwashe kaya.

Da baƙi suka watse, 'yar ta koma gidan mijinta, sai na lura da wani abu. Gidan ya yi tsit, ba irin shirun makoki ba. Ba a kira. Mamasoli zai shigo ya tsaya a tsakar gida, bakinsa ya buɗe, ya rufe. Sai ya ƙwanƙwasa murfin buta a jikin tire. Ita kuma in abinci ya yi sai ta ajiye masa a kan gadon katako ta koma ɗaki, in ya gani ya gani. Sunan da suka yi rabin rayuwarsu suna kiran juna da shi yana maƙabarta, wani kuma ba su da shi. Sai na zama ni ce wayarsu. Ta leƙo ta katanga: "Yaya, in kin gan shi ki ce gari ya ƙare." Mutumin da suke kwana ɗaki ɗaya! Na yi faɗa, na yi lallashi, duk a banza, ƙarshe na riƙa kai saƙon.

Ana cikin haka sanyi ya fara cizo. Kowa ya binne kurangarsa, tasu tana nan a sama tsirara, iska na kaɗa ta. Mamasoli yana wucewa ta gabanta safe da yamma ba ya ko ɗaga kai. Nawa mijin ya ce zai shiga ya yi musu, na ce ya bari zuwa gobe. Goben da hantsi na ji motsi a jikin katanga.

Hosiyat ce a kan tsani. Tana kwance ɗaurin ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta sauko da rassan ta kwantar a ƙasa, ta miƙar da su. Ta kawo ruwan ɗumi a buta da tsumma, ta bi su tana gogewa, abin da ban taɓa ganin an yi wa kuranga ba tun da uwata ta haife ni. Ta shiga ɗaki ta fito da farin yadi, irin wanda take sa wa barguna a ciki, sabo fil, ta yage shi ta naɗe rassan, ta ɗaure a kai, a tsakiya, da ƙasa. Sai a lokacin na gane abin da nake kallo.

"Hosiyat, bari in turo miki mutumin nan ya kama miki."

"A'a, Yaya."

"Aikin maza ne. Bayanki zai ƙage."

"Sun yi nasu," ta ce.

Ta jera kara, ta ɗauki shebur. Wuni guda ta yi tana tula ƙasa, ba ta yi mata rowa ba. Da ta gama ta durƙusa ta bi tudun da tafin hannu tana shafe shi har ya yi sumul. Ta wanke shebur ta jingine, ta shiga ta ɗora girkin yamma. Dusar ƙanƙara ta sauka cikin makon.

Hunturun ya yi tsanani. Bayan sadakar arba'in, wata safiya na ji kukan inji har kofuna na rawa a kan shiryayye. Na fita da gudu ba ko takalmi na hau bokiti. Mutum biyu ne a saman karagach da igiya da zarto mai inji, Mamasoli yana ƙasa hannu a baya yana nuna musu. Na zaci reshe biyun nan na wajen gabas za a cire. Ina! Suka bi shi reshe reshe har suka sauko kan gangar jikin. Wani babban reshe ya kuɓuce wa igiya ya faɗa kan rumfar inabi ya ragargaza ta.

Na zagaya ta ƙofa na same shi.

"Maƙwabci, kanka ɗaya kuwa? Itacen ubanka ne fa!"

"Yaron ya ce a sare."

"Reshe biyu ya ce!"

"Ya ce in ya dawo shi da itacen ne. Ya dawo."

"To ka shawarce ta? Ita ce ta share gindinsa shekara talatin, a nan take aikinta."

Ya dubi tagar ɗakin. Tana zaune a ciki da bargo a cinya tana ɗinki, ba ta ko ɗago ba.

"Da me zan kira ta, Yaya?" ya ce.

Ni da na yi shekaru ina tsine wa itacen nan, ranar da ya faɗi sai da na ji kamar an cire mini haƙori. Gidan ya zama fili fetal, sama ta faɗo ciki. Itacen kuma ko tsinke Mamasoli bai ƙona ba duk da sanyin da ake yi, ya jera gumaguman a bayan tanderu ya bar su.

Sanyi ya fita. Itatuwa suka yi fure, layinmu ya cika da ƙarar shebur, kowa yana tone kurangarsa yana girgije ƙasa yana ɗaurawa a rumfa. Mamasoli ma ya ɗauko shebur wata safiya. Kafin ya isa, Hosiyat ta fito da tabarma ta shimfiɗa a jikin tudun, ta zauna ta jingina da shi, ta zare allura. Ya tsaya a kanta. Ya yi gyaran murya. Ba ta ɗago ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya mayar da shebur inda ya ɗauko ya tafi gona. Washegari ma haka. Daga nan bai ƙara ɗaukowa ba.

Fure ya kaɗe, 'ya'yan itatuwa suka ƙulla, kurangata ta yi ganye kamar tafin hannun yaro, tudun Hosiyat yana nan yadda yake. Aka yi ruwa, rana ta buɗe a kansa. Na san abin da ke faruwa a cikin ƙasar nan, ita ma ta sani. Haƙurina ya ƙare.

"Ke, wai kashe ta za ki yi? Ƙasa ta ɗumame, tana can tana shaƙewa. Ita kaɗai ce abin da ya shuka da hannunsa a duniyar nan, ke kuma kin zauna mata a ka!"

"Na sani, Yaya."

"To me kike jira?"

Ta ja zare, ta ciza, ta tofar.

"In na buɗe me zan gani?"

"Kuranga za ki gani, me kuwa?"

"Su da suka buɗe akwatin, ba wanda ya faɗa mini abin da suka gani."

Na sauka daga bokitin. Na ji haushinta, na ji tausayinta, na rasa wanda zan bi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wannan ya fi ƙarfina, nawa 'ya'yan duk suna raye.

Sai da aka shiga zafi sosai, lokacin da ake fara kwana a waje. Da hantsi ina ciro gurasa daga tanderu na ji ta kira ni, a hankali, kamar mai tsoron tada wani daga barci. Na hau na leƙa. Tana durƙushe a gaban tudun. Wani ɗan tsiro ne ya huda ƙasa ya fito, fari fat, siriri, ba ko ɗigon kore a jikinsa.

Ba ta nemi shebur ba, da hannu ta fara tonawa. Na ce ta dakata, irin wannan sai da yamma ake buɗewa ko ranar da gari ya yi lumshi, amma ina, ba ta ji na. Tana yaye ƙasa tana jefarwa ta baya. Karan ya ruɓe ya yi baƙi, wari ya taso har inda nake. Farin yadin ya yi funfuna, tana taɓawa yana narkewa. A ƙarƙashinsa kuwa kurangar ta tsiro a cikin duhu. Tsiro ko'ina, farare, dogaye, a murɗe da juna kamar taliyar da aka tsame daga ruwa, wasu sun ruɓe, da yawa suna nan. Ta zauna a kan dugaduganta, hannu duk ƙasa.

"Da ranta, Yaya," ta ce. Muryar ba daɗi ba baƙin ciki, kamar mai faɗar farashin gishiri.

Ni kuwa sama nake kallo. Ba gajimare ko na rantsuwa. Abin da bai taɓa ganin haske ba, ga shi a shimfiɗe a gaban rana mai dafa ƙwai. A da, da wannan lokacin inuwar karagach ta riga ta rufe wurin nan, sai ta yi musu sannu a hankali har su koyi kore. Yanzu kututture ne kawai a wurin. Rumfar da za a yafa wa tsumma ma tana jibge a gefe tun hunturu. A mayar da ƙasa kuma su kakkarye, don ko numfashi ka yi musu da ƙarfi sai su ɓalle. Ina kallo kawunan suka fara laushi suna kwantawa.

"Inuwa, Hosiyat! Tashi ki nemo abin rufewa!"

Ta ɗaga kai ta dubi inda itacen yake a da. Ta daɗe tana kallon wurin, kamar yau ta fara lura babu shi. Sai ta tashi ta nufi ɗaki, tafiyar mai barci, ta shiga, shiru ba ta fito ba. Na kwaɗa wa nawa mijin kira ya nemo sanduna, shi kuwa in ana gobara sai ya gama ɗaura takalmi. Na zagaya da gudu. A ƙofa muka yi karo da Mamasoli ya dawo daga gona shan shayin hantsi.

Kallo ɗaya ya yi wa ramin ya gane. Ya cire rigarsa ta sama ya baza da hannu biyu, ba ta rufe ko kwata ba. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya dubi ƙofar ɗakin.

"Sanjar!"

Ya ja ƙarshen.

"Sanjar! Kawo bargo, babba!"

Sannan daga cikin ɗakin, ƙasa ƙasa:

"Na'am."

Ta fito da wani bargo ja mai furanni, sabo, ban taɓa ganinsa ba, kuma ni na san duk ɗinkin da ya fita daga hannunta. Ba sai an faɗa mini don ɗakin wa aka ɗinka shi ba, na auren yaron ne. Muka warware. Ya kama kusurwa biyu, ita ɗaya, ni ɗaya, muka ɗaga sama da kanmu. Bargon auduga ba abin wasa ba ne, kafin a jima kafaɗuna sun fara kuka. Inuwa ja ta sauka a kan fararen tsiron.

Kada in ja ku da nisa. Yawancinsu ba su kai yamma ba, suka yi baƙi suka bushe. Daga can gindi ne wasu biyu suka yi kore bayan kwanaki, ɗaya ya rayu. Ba a ci inabi a gidan ba wannan shekarar, ba a ci ba ta bayanta. Ko zai yi zaƙi yanzu da rana ta samu hanya, ban sani ba tukuna. Mu mata kuma mun rasa wurin zama da rani, kowa tana gidanta tana fifita.

Amma a ranar ba mu san ko ɗaya daga wannan ba. Muna tsaye dai, hannu a sama, gumi na bin bayanmu, muna jiran mutumin da ya tafi neman sanduna kamar an aike shi Makka. Hosiyat tana kallon ramin, Mamasoli yana kallon katanga. Can sai na ji ta ce, ba ta ko juyo ba:

"Sanjar."

"Na'am."

"Ka ga fuskarsa?"

Gefen bargon da ke hannunsa ya yi ƙasa. Na kawar da kai, amma hannuna na riƙe da kusurwa, ba inda zan je.

"Na gani."

"Shi ne?"

"Shi ne."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, har yau ban ga hawayenta ba. Ta gyara riƙon da ta yi wa bargon, ta dubi ƙasa wajen ƙafarsa.

"Ɗaga gefenka," ta ce. "Rana na shiga."